Awa Uku da Rabi a Hannun Ɗan Sandan da Babu Shi

Da yammacin Juma'a, 9 ga Afrilu 2004, waya ta yi ƙara a wani gidan abinci na McDonald's da ke Mount Washington, wani ƙaramin gari a jihar Kentucky ta Amurka. Mataimakiyar manaja ce ta ɗauka, mace mai shekara 51. Mai kiran ya ce shi ɗan sanda ne, sunansa Ofisa Scott, kuma an kawo musu ƙarar wata ma'aikaciyar gidan, wai ta yi wa wata da ta zo cin abinci sata. Siffanta ta ya yi: matashiya ce, siririya, sanye da kayan aikin gidan. Manajar ta ga siffar ta dace da wata yarinya 'yar shekara 18, ɗalibar ajin ƙarshe a sakandare, wadda ta riga ta gama aikinta na ranar amma ta tsaya ta taimaka saboda cunkoso.

Tun a nan aka ci manajar da yaƙi, kafin ma a kai ga wani umarni. Siffar da mutumin ya bayar za ta hau kan 'yan mata da yawa a kowane gidan abinci irin wannan, domin akasarin masu tsayawa a kantar sayar da abinci matasa ne. Ita ce ta haɗa siffa da mutum, sannan ta koma tana ganin kamar ɗan sandan ne ya zo da cikakken bayani. Ya ƙara mata da cewa babbar manajar gidan tana kan ɗaya layin, ta san da maganar. Daga baya mataimakiyar ta ce ta riƙa jin wani abu kamar ƙarar rediyon 'yan sanda a bayan muryarsa.

Aka kira yarinyar ƙaramin ofishin da ke bayan kicin. Mai kiran ya ce abu biyu ne: ko a caje ta a nan, ko a kama ta a tafi da ita caji ofis. Zaɓin kansa tarko ne. Duk wanda aka ɗauka a ciki, an riga an amince yarinyar abar zargi ce, kuma mai muryar yana da ikon yanke hukunci. Akwai hanya ta uku, wato a ajiye waya a jira 'yan sanda su zo da ƙafarsu, amma ba wanda ya ambace ta. A idon manajar kuwa, cajin a ofis ya zama kamar sassauci ne take yi wa yarinyar, tana tsare ta daga kunyar kamu.

Da aljihu aka fara. Sai makullin mota da wayar salula. Sai tufafi, ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa a waya manajar tana maimaitawa, wata mataimakiyar manaja ta biyu tana tsaye a matsayin shaida. Yarinyar tana kuka, tana cewa ba ta ɗauki komai ba, tana roƙon a kai ta ofishin 'yan sandan ma kawai. Ba a sami komai a jikinta ba. Ko a bisa ƙaryar da aka gina zancen a kai, a nan ya kamata magana ta ƙare. Sai ya ce a zuba kayanta a jaka a kai mota, 'yan sanda suna hanya. Aka bar ta da ƙyallen da masu aikin kicin ke ɗaurawa a gaba, shi kaɗai ne suturarta.

Wannan matakin ya fi kowanne muni a tsarin mutumin. Daga lokacin da kayanta da makullinta da wayarta suka bar ɗakin, ba ta da hanyar fita sai ta ratsa ta cikin mutanen da suka cika gidan abincin a wannan hali. Shekaru bayan haka lauyoyin kamfanin sun kafa hujja a kotu cewa ai da ta so da ta fice. Wanda ya san mene ne mutunci a wurin 'yar shekara 18 ya san wannan hujja ba ta da nauyi.

Waɗanda suka bi da waɗanda suka ƙi

Daren Juma'a ne, layi ya yi tsawo, dole manajar ta koma kantar sayar da abinci. Mai kiran ya ce ba za a bar wadda ake zargi ita kaɗai ba, a samo wanda zai tsare ta. Aka kira wani mai dafa abinci ɗan shekara 27, aka miƙa masa waya. Da ya ji ana umartarsa ya sa ta cire ƙyallen ya bayyana abin da ya gani, sai ya ƙi, ya fice daga ofishin. Ya yi daidai, amma ya tsaya a rabin hanya. Bai kira 'yan sanda ba, bai tara sauran ma'aikata ba, bai miƙa wa yarinyar riga ba. Ya cire hannunsa ya koma bakin aikinsa, ita kuma tana nan inda take.

Sai mai kiran ya tambayi manajar ko tana da wani namiji da ta amince da shi. Ta kira mutumin da za ta aura, wanda ya haura shekara 40, ba ma'aikacin gidan ba ne, ba shi da wata alaƙa da wurin. Ya zo, ta miƙa masa waya, ta koma bakin aikinta. Kusan awa biyu yana bin abin da muryar ke faɗa. Ya sa yarinyar ta yi tsalle-tsalle wai don kuɗin da ta ɓoye ya faɗo. Ya doke ta. A ƙarshe ya ci zarafinta ta hanyar lalata. Lokaci zuwa lokaci mai kiran yakan ce a ba ta wayar, ya tsorata ta da cewa in ba ta bi ba abin zai fi haka muni. Manajar tana shigowa tana fita ɗaukar kayan aiki, kuma kafin ta shigo akan ce yarinyar ta rufe jikinta. Kyamarar tsaron ofishin tana ɗaukar komai. Da mutumin ya bar wurin, ya kira wani abokinsa ya ce masa ya aikata mummunan abu.

Wanda ya kawo ƙarshen abin shi ne mai gyare-gyaren gidan, ɗan shekara 58, wanda ko sakandare bai gama ba. Ba ma aiki ya kawo shi ba a daren, ya biyo ne ya ɗan ci wani abu. Aka ce ya karɓi tsaron. Ya kara waya a kunne, ya ji abin da ake so ya yi, ya ce shi ba zai yi ba, ya kuma fito ya gaya wa manajar cewa wannan al'amari akwai lauje cikin naɗi. A lokacin ne ta yi abin da yake hannunta tun minti na farko: ta kira babbar manajar da aka ce tana kan ɗaya layin. Matar tana gida tana barci. Ba ta yi magana da wani ɗan sanda ba. Mai kiran ya kashe waya. An shafe kimanin awa uku da rabi, a garin da ofishin 'yan sandansa ba shi da wani nisa daga gidan abincin, kuma a tsawon wannan lokaci ba wanda ya tambayi me ya hana su isowa.

Ikon aro

Duk wanda ya ji labarin nan, abin da yake fara cewa shi ne shi ba za a yi masa haka ba. Wannan tabbacin ba ya kare kowa. Kira irin wannan ya yi nasara fiye da sau 70 a jihohi kusan 30 na Amurka cikin kimanin shekara goma, a gidajen McDonald's da Burger King da Taco Bell da Wendy's da wasunsu. Manajoji da yawa sun kashe wayar, gaskiya ne. Amma waɗanda suka bi ba mahaukata ba ne.

Abin da na fi ganin ya bayyana lamarin Mount Washington shi ne yadda ikon ya riƙa tafiya hannu zuwa hannu. Mai kiran ba shi da kaki, ba shi da katin shaida, ba shi da fuska. Ya ari sunan hukumar 'yan sanda da sunan babbar manaja ya sayi yardar mataimakiya. Yarinyar kuma ba muryar waya ta fara yi wa biyayya ba, shugabarta ta wurin aiki ta bi, wadda ke iya korarta. Mutumin da aka kira daga gida bai tambayi ko wane ne a waya ba, tunda matar da zai aura ta riga ta ce ɗan sanda ne. Kowa ya ɗauka na gabansa ya tantance. Ba wanda ya tantance. Shi ya sa da aka taɓa tushen ƙaryar da kiran waya guda, duk ginin ya rushe a take.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan rauni. A gwajin da Stanley Milgram ya fara a Jami'ar Yale a 1961, an sa mutane su riƙa danna wa wani lantarki duk lokacin da ya ba da amsa ba daidai ba, ba su san cewa na'urar ta bogi ce ba. Mutum 26 cikin 40 sun kai har maɓallin ƙarshe mai ƙarfin lantarki bolt 450, don kawai wani mai rigar ɗakin bincike yana cewa a ci gaba. Maɓallan suna hawa ne da bolt 15-15. Wanda ya danna 150 zai yi wuya ya ga dalilin ƙin 165, domin ƙin yana nufin amsa cewa abin da ya riga ya yi ma ba daidai ba ne. Haka aka bi da manajar: wadda ta karɓi makullin mota ta sami kanta tana karɓar takalmi, wadda ta karɓi takalmi ta sami kanta tana karɓar riga. Da mai kiran ya fara da buƙatarsa ta ƙarshe, da ba wanda zai saurare shi.

Gwajin da ya fi kama da wannan lamari shi ne na likitan ƙwaƙwalwa Charles Hofling a 1966. Wani da ya kira kansa likita, wanda ma'aikatan jinya ba su taɓa gani ba, ya bugo waya ya ce a ba majinyaci miligiram 20 na wani magani mai suna Astroten, alhali a jikin kwalbar an rubuta cewa iyakarsa miligiram 10 ne, kuma dokar asibitin ta hana karɓar irin wannan umarni ta waya. Ma'aikatan jinya 21 cikin 22 sun tashi za su bayar, sai da aka tare su. Amma da wasu masu bincike suka maimaita gwajin a 1977 da maganin da ma'aikatan suka sani, kuma aka bar su su yi shawara da abokan aikinsu, 2 ne kawai cikin 18 suka bi. Shi ma Milgram ya ga haka: da ya sa wasu mutum biyu a ɗakin suka fito fili suka ce ba za su ci gaba ba, masu kaiwa ƙarshe suka ragu zuwa kashi 10 cikin ɗari.

Ke nan kaɗaici shi ne makamin. Mai kiran Kentucky ya riƙe su a kan layi tsawon sa'o'i. Ya zaɓi lokacin da aiki ya fi yawa, lokacin da manajar ba ta da sararin zama ta yi tunani. Duk wanda ya nuna alamar gardama sai a maye gurbinsa da wani. Kuma a nan ne bambancin mai dafa abinci da mai gyare-gyare ya fito. Dukansu sun ƙi. Ƙin na farko bai canza komai a ɗakin ba, na biyun kuwa ya faɗi nasa ta yadda ya sa manajar ta dawo hayyacinta.

Akwai kuma irin wurin da yake zaɓa. Masu bincike sun lura ya fi kiran ƙananan garuruwa, inda ake girmama ɗan sanda, da gidajen abincin da komai nasu a rubuce yake, tun daga minti nawa dankali zai yi a mai har kalmar da za a tarbi mai saye da ita. A irin wannan wuri ana yaba wa ma'aikaci ne kan bin ƙa'ida ba tare da tambaya ba. Ita kanta yarinyar ta bayyana daga baya cewa tarbiyyar da ta samu a gida ita ce idan babba ya ce ka yi abu, sai ka yi, ba musu. Iyayenta ba su yi laifi da suka koya mata ladabi ba. Abin da ba a haɗa mata da shi ba, kuma ba a cika haɗa wa yara da shi ba a ko'ina, shi ne cewa akwai umarnin da ba a bi ko daga bakin wa ya fito. Mukan ce bin na gaba bin Allah, amma maganar tana da iyaka, kuma iyakar tsohuwa ce. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wani shugaban rundunar yaƙi ya fusata ya sa mutanensa suka hura wuta, ya ce su shiga. Suka tsaya suna duban juna har wutar ta mutu. Da labari ya kai ga Annabi (SAW), ya ce da sun shiga da ba za su fito ba, biyayya tana cikin abin da yake daidai ne kawai. Wancan shugaban na gaskiya ne, naɗa shi aka yi. Don haka ko da Ofisa Scott ɗan sanda ne na gaske mai lamba a kafaɗa, umarnin tuɓe yarinya a gaban baƙon namiji ba abin bi ba ne. Babu wata hukumar 'yan sanda da ke gudanar da caji ta waya da hannun manajan gidan abinci, kuma littafin dokokin kamfanin ma ya hana irin wannan caji.

Sai dai bai kamata a bar binciken masana ya zama mafaka ga kowa ba. Ana iya fahimtar yadda manajar ta faɗa tarko a rabin awa na farko. Abin da mutumin da za ta aura ya yi kuwa ya wuce ruɗu. Babu mai hankalin da zai gaskata cewa lalata hanya ce ta gano kuɗin sata. A wani mataki muryar da ke waya ta daina zama abin tsoro a wurinsa, ta zama izini. Maganarsa ga abokinsa bayan ya fita ta nuna ya san abin da ya yi.

Bincike da shari'a

Bayan an kashe wayar, wani ma'aikaci ya yi dabarar danna lambar da ke nuna layin da ya kira na ƙarshe. Ɗan sandan Mount Washington da aka ba binciken ya gano an yi kiran ne da katin waya, daga wata wayar jama'a a Panama City ta jihar Florida. Ya kuma tarar wani jami'i daga Massachusetts ya riga shi bin wannan sawu, bayan an kira gidajen Wendy's huɗu a yankinsu a watan Fabrairu na shekarar. Suka bi lambobin katunan har zuwa shagunan Walmart da aka saye su, suka duba hotunan kyamara, suka ga wani mutum sanye da kakin gandiroba na wani kamfani mai kula da gidajen yari. Aka kama shi a ƙarshen watan Yuni 2004. A gidansa an sami kayan 'yan sanda da takardun neman aikin ɗan sanda da wani katin waya da aka kira gidajen abinci da shi. Ya musanta zargin. Ba a da rikodin muryar mai kiran, ba kuma wanda ya gan shi yana bugawa. Ranar 31 ga Oktoba 2006 masu taimaka wa alƙali, wato mutanen gari da kotu ke zaɓa su saurari shaida su yanke hukunci, suka wanke shi daga dukan tuhume-tuhumen, don haka a idon doka ba shi da laifi.

Waɗanda suka yi biyayya su ne suka ɗauki hukunci. Mutumin da aka kira daga gida ya amsa laifinsa a 2006, aka ɗaure shi shekara 5. Mataimakiyar manajar ta fasa aurensa bayan ta kalli bidiyon, kamfanin ya kore ta, kotu kuma ta yi mata ɗaurin talala na shekara ɗaya kan tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba. Cewa wani ne ya ba da umarni bai wanke ko ɗayansu ba.

Yarinyar, wadda ta daɗe tana jinyar firgici da damuwa, ta kai McDonald's ƙara tana neman dala miliyan 200. A nan ne wani ɓangare na labarin ya fito wanda ya kamata ya tayar wa duk mai riƙe da ma'aikata hankali. An nuna wa kotu cewa kamfanin ya san da wannan yaudara shekaru kafin 2004, an yi ta a rassansa da dama, har an kai shi ƙara a kanta, amma gargaɗin bai isa ga masu ɗaukar waya a gidajen abincin ba. A watan Oktoba 2007 aka yanke mata diyyar dala miliyan 6.1, miliyan 5 daga ciki na ladabtar da kamfanin ne. Masu taimaka wa alƙalin sun raba alhakin gida biyu, rabi a kan mai kiran, rabi a kan kamfanin. Ita ma manajar da aka kora, wadda ta shigar da tata ƙarar kan cewa ba a gargaɗe ta ba, an yanke mata dala miliyan 1.1.

Kamfanin ya ɗaukaka ƙara. A watan Nuwamba 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta Kentucky ta tabbatar da diyyar yarinyar, ta rage ta manajar, ta kuma ce shaidu sun nuna shugabannin kamfanin da saninsu suka zaɓi kada su horar da manajoji ko su gargaɗe su game da kiran. A 2010, yayin da maganar ke gaban kotun ƙolin jihar, yarinyar ta sasanta da kamfanin a kan dala miliyan 1.1, ta janye neman kuɗin ladabtarwar. 'Yan sanda sun ce kiraye-kirayen sun tsaya tun bayan kamun da aka yi a watan Yuni 2004, amma ba a hukunta kowa a kan buga su ba.